Lemun Mahaifin Maƙwabcina

Ranar da na ajiye aiki a sashen lambuna na ma'aikatar gona, na tare a ɗan gidan da na gina a unguwar Dutse Alhaji da ke Abuja, na ɗaukar wa kaina alkawari cewa ba zan ƙara gyara wa kowa shukarsa ba sai in shi ya nema. Na ƙare ƙuruciyata ina gyara wa mutane, kuma na lura cewa wanda aka gyara wa bai cika dawowa gaisuwa ba. Na riƙe alkawarin nan da kyau. Na ga an dasa mangwaro a jikin katanga, na yi shiru. Na ga an shafe gindin gwaba da siminti har wuya, na kau da kai. Abin da ya karya mini alkawari shi ne lemun maƙwabcina.

Ya kamata in faɗi inda na samo wannan hali, domin ba da shi aka haife ni ba. A makarantar mishan da na yi a ƙasar Zazzau, kowane ɗalibi yana da fangalinsa a lambun makaranta, kuma ana duba shi kamar yadda ake duba farce da wuyan riga. Da igiya ake jan layi. Kowace bishiya a harabar tana rataye da ɗan gwangwani da aka buga wa suna biyu, na Latin a sama, na Hausa a ƙasa. Amma dokar da ta fi zama mini a jiki ita ce ta ban ruwa. Malamin lambunmu ba ya yarda ka ɗaga bokiti sai ka fara tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, ka ciro, ka nuna masa. In ƙasa ta manne a yatsan, sai ka ajiye ruwanka ka tafi. Ya koya mana cewa saiwa tana numfashi, kuma ruwan da ya kwanta a kanta yana shaƙe ta. Har yau ban taɓa zuba wa shuka ruwa ba tare da na ɓata yatsana ba.

Maƙwabcin nawa Bakano ne, yana sayar da shadda da atamfa a kasuwa. Na girme shi da 'yan shekaru, amma tun ranar da ya ji ni Bazazzage ne ya yanke hukunci cewa ni bawansa ne, kamar yadda wasan da ke tsakaninmu da Kanawa ya ba shi dama. Ni ina kiransa Alhaji. Shi kuwa in yana cikin raha ya ce bawana, in magana ta hankali ce ya ce Malam. Ranar Sallah tuwonsa yakan shigo gidana, ranar Kirsimeti shinkafata takan shiga nasa.

Katangar da ke tsakaninmu ba ta da tsawo, don haka kan lemun nasa yana leƙo mini. A wata damina, cikin watan Agusta, na lura ganyen ya fara canja launi. Ba irin rawayar da yunwar taki take kawowa ba ce. Jijiyoyin ganyen ne suka fara yin rawaya, kuma ƙananan rassa na sama suna bushewa daga baki. Na san wannan alama. In ganye ya yi haka, ba a sama ake neman ciwon ba, a gindi yake. Na yi kwanaki ina gardama da kaina a kan alkawarina. Daga ƙarshe na sa riga da hula, na zaga ta ƙofar gida kamar baƙo, domin ban yarda da magana ta kan katanga ba.

Na yi sallama, ya amsa daga tsakar gida. Na same shi da buta a hannu, yana tsiyaya ruwa a gindin bishiyar. A daren da ya wuce an kwana ana ruwan sama.

"A'a, bawana ne da sassafe? An zo gaishe da ubangida?"

"Na zo gaishe da lemu," na ce. "Alhaji, me ya yi maka kake neman kashe shi?"

Ya ajiye butar a hankali. Dariyar ta bar fuskarsa gaba ɗaya, har na ji na yi gaggawa.

"Malam, a gidan nan babu abin da nake kula da shi kamar bishiyar nan. Ka tambayi iyali. Har gori suke yi mini."

Ya ɗauko mini kujera, ya ba ni labarinta. Mahaifinsa yana da lambu a bayan garin Kano, a bakin wani rafi, kuma a cikin lambun akwai lemun zaƙi guda ɗaya da ya fita daban. Yana da cibiya a ƙasansa, ba shi da iri a ciki ko ƙwaya ɗaya. Tsohon ba ya sayar da 'ya'yansa. Yakan zauna a inuwarsa da yamma, ya fere ɓawon da 'yar wuƙa a zare ɗaya ba tare da ya tsinke ba, ya rataye zaren a jikin zana, sannan ya raba wa 'ya'yansa. Bayan rasuwarsa gari ya ci lambun, yanzu shaguna ne a wurin. Kafin a sare bishiyoyin, Alhaji ya sa wani mai aikin lambu ya aurar masa da dashe guda daga jikin wannan lemu, wato ya haɗa tohonsa da gindin wata bishiya, ya ɗauko shi a kujerar gaba ta mota har Abuja.

"Shi kaɗai ya rage," ya ce. "Lemun Baba ke nan. Bara ya fara yin 'ya'ya, ƙanana, suka zube kafin su nuna."

Na tashi na duba yadda aka dasa shi, na kuma fahimci komai. An tona rami mai zurfi, an sa dashen a tsakiya, an bar masa kwari kewaye da shi kamar kwano, an ɗaga masa bakin ƙasa don kada ɗigon ruwa ya tsere. An tara taki da ƙasa a jikin gindin har sun rufe wurin auren. Kuma don kada alheri ya yi kaɗan, an karkato da indararon ɗakin girki yana zuba kai tsaye a cikin kwarin.

Ba zan kira wannan jahilci ba. Haka mahaifinsa ya yi, kuma daidai ya yi. A ƙasar Kano, inda ƙasa take da yashi, damina gajera ce, rani kuma dogo, wanda bai yi wa bishiya kwari ba bai so ta ba. Mutumin da ya tashi yana ɗaukar ruwa daga rafi zuwa gindin bishiya ba zai taɓa tunanin ruwa yana iya zama cuta ba. Amma nan Dutse Alhaji ne. Jar ƙasa ce mai danƙo, dutse a ƙarƙashinta, ruwan sama kuma yana sauka wata da watanni, ga wanda yake gangarowa daga kan duwatsu. Ramin da yake ceton bishiya a can, a nan rijiya ce aka tsoma ta a ciki.

Na nemi fartanya. Muka janye indararon, muka fasa bakin kwarin ruwan ya fita, sannan na durƙusa na janye ƙasar da hannu. Wani wari mai tsami ya taso. Ɓawon gindin ya yi baƙi, ya yi laushi, wani ƙaro mai launin zuma yana tsatsowa daga tsagoginsa. Na kankare ruɓaɓɓen wurin da wuƙa har na kai ga itace mai rai, na shafa maganin da nake da shi a gida, irin shuɗin nan da ake damawa. Ina yi ina bin gindin da yatsa. Ruɓar ta ci fiye da rabin kewayensa.

"Zai tashi?" ya tambaye ni.

Ban saba sassauta gaskiya ba, kuma ban ga amfanin fara koyo a waɗannan shekaru ba.

"Ban sa rai ba. Amma lemun ba gindin nan ba ne, Alhaji. Gindin na wata bishiya ne da aka ɗora shi a kai. Lemun mahaifinka yana sama, a cikin idon da ke ƙarƙashin kowane ganye. Da yana da iri, da mun shuka. Tun da ba shi da shi, hanya ɗaya ce: mu yanki rassan da suka rage da lafiya, mu cire idanunsu, mu aurar da su a kan sabon gindi."

"Mu yanka?"

"Mu yanka. Kuma masu kyaun za mu yanka, ba busassun ba."

Ya girgiza kai.

"Haba Malam. Mara lafiya yana kwance, ɗan abin da ya rage masa shi za a ɗauke? Ai kai ka sa magani. A bar maganin ya yi aiki."

"Maganin zai tsayar da ruɓa, ba zai dawo da ɓawon da ya mutu ba."

"Ku Zagezagi ba ku iya ganin abu ku bar shi ba. Komai sai kun yi masa tiyata."

Ya faɗa da sigar wasa, amma na ga ba wasa yake ba. Na ce masa bishiyarsa ce. Na roƙe shi abu ɗaya, ya ajiye butar. Ya yi alkawari, kuma ya cika, ko da yake sau da yawa ina jin takunsa da safe ya je gindin bishiyar ya tsaya, ya dawo hannu wofi.

Ni kuwa ban zauna jiran yardarsa ba. Na hau mota zuwa Kwali, wurin wata mata da ke renon dashe a bayan gidanta, wadda na sani tun ina aiki. Abin da nake nema shi ne wani irin tanjarin mai ƙananan 'ya'ya masu tsami, wanda ba don ci ake shuka shi ba, sai don saiwarsa tana jure laima. Na bi layin ledojin ina dubawa ɗaya bayan ɗaya, ina mayarwa.

"Oga, har yanzu kana nan da halinka," ta ce. "Wannan fa duk ya yi kyau. Ko mijin aure kake zaɓa?"

"Kusan haka ne," na ce.

Na zaɓi shida masu kaurin fensir, miƙaƙƙu, na kawo su gida na jera a inuwar barandata. Ban gaya wa Alhaji ba.

Bayan 'yan makonni, wata Lahadi ina dawowa daga majami'a, na tarar da shi yana jira na a ƙofar gida, fuskarsa cike da murna. Bai bari na ajiye littafina ba, ya ja ni cikin gidansa.

"Zo ka gani, bokan Turai. Zo ka ga wanda ka ce ba zai tashi ba."

Tun daga zaure na ji ƙanshin. Lemun ya yi fure. Ba ɗan fure ba, kowane reshe ya yi fari, har waɗanda ganyensu ya kusa ƙarewa. Ƙudan zuma suna ta kai da kawo. Iyalinsa sun shimfiɗa tabarma a kusa don ƙanshin. Ban taɓa ganin bishiyar ta yi kyau haka ba.

Akwai abin da duk mai aikin lemu ya sani. Abincin da ganye yake haɗawa yana sauka zuwa saiwa ne ta cikin ɓawo. In ɓawon ya mutu kewaye da gindi, hanyar ta toshe. Abincin sai ya taru a sama, bishiyar ta ɓarke da fure ba a lokacinsa ba, saiwar kuma tana can ƙasa tana mutuwa da yunwa. Furen da Alhaji yake murna da shi alama ce cewa lokacin da ya rage mana kaɗan ne. Rassan da suka zuba ƙarfinsu a fure ba za su daɗe da ido mai kyau ba.

Na tsaya ina tunanin yadda zan faɗa. Na san in na yi masa bayani irin na aji, zai ce Bazazzage ne ya ƙi yarda an kayar da shi. Sai na ce ya sallami iyali su shiga ciki. Da suka shiga, na ce:

"Alhaji, durƙusa."

"Yau kuma bawa ne yake sa ubangida durƙuso?"

"Durƙusa dai. Kawo babban yatsanka."

Muka durƙusa mu biyu, gwiwoyinmu suna ƙara. Na ɗora yatsansa a kan ɓawon, daidai wuyan bishiyar.

"Kai mai sayar da yadi ne, hannunka ya san mai kyau da maras kyau ko ido a rufe. Bi shi a hankali. Inda ka ji santsi da tauri, da rai. Inda ka ji ya bushe ya dare daga itace, ya mutu. Ni ba zan ce komai ba."

Ya fara bi. Na ga yatsan yana tafiya a kan busasshen wuri, yana ci gaba, yana zagawa ta baya. Ya tsaya a wani ɗan siririn wuri da bai fi faɗin yatsu biyu ba. Ya wuce shi, ya sake faɗawa busasshe. Ya sake zagawa karo na biyu, ya sake tsayawa a wuri guda.

"Nan kawai?"

"Nan kawai. Duk abin da saiwar take ci, ta nan yake bi."

"To furen fa?"

Sai a lokacin na yi masa bayanin, a taƙaice. Ya daɗe a durƙushe yana kallon sama ta cikin rassan. Fure yana faɗowa a kan hularsa.

"Haka Baba ya yi," ya ce. "Ana gobe zai rasu ya tashi zaune, ya ci tuwo, ya yi ta ba mu dariya. Muka ce ya warke."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Ina za mu sami sabon gindin?"

"Suna barandata."

Ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Wallahi Bazazzage ba abin yarda ba ne."

Sai dai akwai matsalar da ban gaya masa ba sai da muka zo kanta. Cire ido aiki ne na yanka ɗaya. Ana shigar da reza a ƙarƙashin idon, a zare shi da ɗan siririn ɓawo kamar ƙwayar kabewa, fuskar yankan a shafe, ba tudu ba kwari. In aka yi yanka biyu, ba zai manne ba. Na yi wannan aiki sau da ba zan iya ƙirgawa ba, amma yanzu hannuna yana rawa. Na gwada a kan reshen gwabata, na dubi abin da na yanka, na san da ɗalibina ne ya kawo mini shi da na mayar masa. Rassan lemun masu kyau kuwa ba su da yawan da za a yi asararsu.

"Kai za ka yanka," na ce masa.

"Ni? Ban taɓa ba."

"Shekara nawa kana tsaga shadda ba ta karkace ba? Hannun yana nan. Idon duba aiki ne babu, ni kuma ina da shi."

Na hana shi taɓa lemun sai ya ƙware a kan gwaba. Kullum bayan la'asar yakan shigo da sabuwar reza, mu zauna a baranda. Ya yanka, ya miƙo mini, in duba.

"Sake."

"Me ya same shi?"

"Ya yi kauri. Ka ɗebo itace da yawa. Sake."

Ya sake.

"Ka taɓa fuskar yankan da yatsa. Sake."

"Malam, a makarantar taku ba a koya muku cewa madalla ba ne?"

"Ana koya mana. Ana faɗarta in an yi daidai."

Gwabata ta sha wahala a makon nan. Amma ranar da ya miƙo mini ido uku a jere ban sami abin cewa ba, na ce masa gobe da safe, kafin rana ta yi zafi.

Shi ya zaɓi rassan da hannunsa, ni ina nuna masa da sanda: masu kaurin fensir, waɗanda suka yi ƙwari amma ba su tsufa ba, kuma furen bai cinye su ba. Kafin ya sa almakashi ya yi bisimilla a bayyane. Muka cire ganyen muka bar ƙananan hannuwansu don riƙewa, muka naɗe rassan a jiƙaƙƙen tsumma, muka kawo barandata. A jikin kowane tanjarin, sama da ƙasa da kamar taƙi ɗaya na hannu, ya tsaga ɓawon a tsaye, ya gitta a sama. Da yake damina ce, ɓawon ya buɗe ba gardama. Ya zare ido, ya zura shi a cikin tsagar, ni kuma na naɗe da zaren leda daga ƙasa zuwa sama, domin ɗauri dai hannuna yana iyawa. Haka muka yi har muka gama duka shidan. Ya ajiye rezar.

"Madalla," na ce.

"Ku zo ku ji!" ya ɗaga murya wajen katanga. "Yau bawana ya ce madalla!"

Tsohuwar bishiyar ba ta kai ƙarshen damina ba. Furen ya zube, ya bar 'yan ƙananan 'ya'ya kamar gujiya, su ma suka bi shi. Ganyen ya ƙare. Alhaji bai sare ta ba, ni kuma ban ce ya sare ba. A lokacin duk abin da ya rage na lemun mahaifinsa a duniya yana ɗaure cikin leda a barandata.

Da lokacin kwancewa ya yi, na kira shi. Na farko, idon ya yi baƙi. Na biyu ma haka. Na uku kore ne shar, ɗan hannun ganyen ya faɗi da kansa da na taɓa shi, alamar ya kama. Na huɗu ya mutu. Na biyar ya mutu. Na shida kore ne, amma gefensa ɗaya bai manne ba, kuma bai daɗe ba ya bushe. Saura ɗaya.

Na ce masa yanzu sai mu datse kan tanjarin daga saman idon, don ƙarfin saiwar duka ya koma kansa. Na zaci za mu sake gardama. Sai kawai ya miƙo hannu na ba shi almakashi.

Idon ya yi kwanaki bai motsa ba. Alhaji yakan shigo da safe kafin ya tafi kasuwa, ya sunkuya ya dube shi, ya tafi. Tanjarin ɗin ya yi ta fitar da nasa tohon daga ƙasa, masu ƙarfi, masu saurin girma, ina murje su da yatsa, shi kuma yana kau da kai kamar ana zare masa haƙori. Wata safiya ya ƙwala mini kira tun ina ɗaki. Idon ya fashe. Wani ɗan toho kamar kan allura ya leƙo.

Na riƙe dashen a gidana har damina ta zagayo. Da za mu dasa shi, na zaɓi wuri nesa da tsohon ramin, nesa da indararo, na sa aka tara ƙasa tudu, aka zaunar da shi a kai, wurin auren yana sama sosai inda iska take bugunsa.

"Yanzu lemun Baba ne a kan tudu kamar doya?" ya ce. "In 'yan'uwana suka zo daga Kano me zan ce musu?"

"Ka ce musu a Abuja yake."

Na buga masa gwangwani irin na makarantarmu. A sama na rubuta Citrus sinensis. A ƙasa, inda ya kamata in rubuta lemun zaƙi, na tsaya na yi tunani, sannan na rubuta lemun Baba. Malamin lambunmu ba zai amince da wannan ba, amma suna aikinsa ya bambanta abu da waninsa, kuma wannan ya bambanta shi.

Akwai abin da na lura da shi a daminar nan. Alhaji ya bi dokata, bai zuba ruwa ba, amma ya rage zuwa wurin bishiyar. Mutum ne da bai san yadda ake kula da abu hannu wofi ba. Don haka da rani ya shigo, na ja masa wani ɗan kwari mara zurfi kewaye da tudun, daidai inda inuwar ganyen take ƙarewa, na nuna masa cewa a nan ƙananan saiwoyi masu sha suke. Na koya masa dokar yatsa. Tun daga ranar yakan fito da butarsa, ya durƙusa, ya tura yatsa, ya ɗaga shi sama ta kan katanga.

"Malam! A duba!"

In leƙo in ce ya zuba, ko in ce ya ajiye. Na san ya iya gane wa kansa tun a makon farko. Bai daina nuna mini ba, ni kuma ban daina dubawa ba.

Furen farko na sa ya tsinke, don bishiyar ta yi ƙarfi. Ya kira ni azzalumi, ya tsinke. A shekarar da ta biyo muka bar 'yan kaɗan, guda huɗu suka kai ga nuna. Ranar da ya tsinko na farko ya shigo gidana da shi a tafin hannu, ya juya ƙasansa ya nuna mini cibiyar. Ya zauna a baranda, ya ciro 'yar wuƙa daga aljihu, ya fara fere ɓawon a zare ɗaya. Ya tsinke masa a tsakiya. Ya yi tsaki, ya ci gaba. Ya raba lemun biyu, ya duba ciki, babu iri. Ya ba ni rabi.

Na jira ya fara sha. Ya daɗe yana taunawa.

"Na Baba ya fi zaƙi," ya ce.

Na buɗe baki zan gaya masa dalili, cewa lemu ya fi tara zaƙi inda rana take da ƙarfi iska kuma a bushe, kuma bishiyar tana da ƙuruciya. Sai na ga ya ɗauki ɓawon ya matse shi kusa da hancinsa, ya rufe ido. Na rufe bakina.

"Amma shi ne," ya ce. "Malam, shi ne."

Muka shanye. Ya tattara zaren ɓawon guda biyu ya sa a aljihu. Na bar shi ya ɗan zauna, sannan na ce masa aiki bai ƙare ba. Bishiya ɗaya ce har yanzu, kuma mun ga abin da yake faruwa da abin da yake guda ɗaya. In damina ta sauka za mu sake cire ido.

"Ina da ƙanwa a Kano," ya ce. "Tana da fili a tsakar gida. Ita ce ta fi mu kuka ranar da aka sare lambun."

"To na farkon da ya kama nata ne. Can kuwa ka tona masa kwari yadda ranka yake so, ka cika shi da ruwa. Wuyan kawai za ka bar mini a waje."

Ya miƙe yana gyara hula.

"Sai ka bi ni ka duba, don na san ba za ka yarda da aikina ba."

"Ba zan yarda ba," na ce.

Da damina ta sauka na koma Kwali na zaɓo tanjarin. Na dawo na tarar da shi a barandata da sabuwar reza, ya riga ya fara gwada hannu a kan gwabata.